Abin da Ya Sa Nake Ɗingishi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Anas,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka isa Yanbu lafiya, ka sauke kaya lafiya, ka dace da ɗaki mai iska da maƙwabta masu tsoron Allah. Allah Ya tsare ka daga wutar matatar man nan da ƙarafanta. Allah Ya tsare ka daga sharrin bakin mutane, Ya kuma tsare mutane daga sharrin bakinka. Na san wannan ta ƙarshen za ta sa ka ɗaga gira. Yi haƙuri, kafin ka kai ƙarshe za ka gane.

Ummanka ce ta cusa takardar a jakarka, ƙarƙashin kwalin dabino. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san halinka sarai: za ka karanta kana ɗaure fuska, ka turo mini "tayyib ya abuya", wato "to, Baba", a waya, ka ce ka amsa. To, wannan karon tayyib ba ta wadatar ba. Ka zauna ka bi ta a hankali. Inda ka kakare ka kira Ummanka, ta fi ni haƙurin bayani.

Ranar da kake haɗa kaya ka ga ina ɗingishi, ka tambaye ni, na ce maka sanyin ƙashi ne. Ƙarya na yi maka, ni da na shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane cewa ƙarya haramun ce. Ƙuna ce a tafin ƙafata, duka biyun, kuma ni na ƙona su da kaina.

Da na bar zancen a cikina, da ba don abin da na ji da kunnena ba. Kwana biyu kafin tafiyarka ina zaune a falo, kai kana baranda kana waya da ɗaya daga cikin mutanen da aka ɗora ka a kansu a wurin aikin. Ban san me ya faɗa ba. Na dai ji ka katse shi, ka ce da Larabci: "Ba shawara nake nema ba, umarni nake bayarwa." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kofin shayi na hannuna sai da ya zube mini a riga. Anas, wannan maganata ce. Kalma da kalma, har da yadda ka ja ƙarshenta. Ko ƙafa ba ka sa a Yanbu ba, ko fuskokin mutanen ba ka gani ba, ka riga ka ɗauki bakina ka tafi da shi. Shi ya sa na ce dole in gaya maka inda wannan bakin ya kai ni.

Sai na fara da kakarka, mahaifiyata, wadda ba ka taɓa gani ba. Ka san babana Bakano ne, fataucin goro ya kai shi Kumasi ya zauna a Zango. Abin da ban cika faɗa muku ba shi ne mahaifiyata 'yar Asante ce, irin waɗanda mu Hausawan Zango muke kira Tonawa. Ta musulunta kafin aure, aka sa mata Hauwa, amma duk unguwa Nana ake ce mata. Ba ta yi karatu ba. Ayaba da rogo take sayarwa a kasuwa. Amma ba za ta buɗe baki sau biyu ba sai karin maganar mutanensu ya faɗo, ta faɗa da yarensu, ta juya mini shi da Hausarta mai karkacewa.

Ranar da zan taho Madina karatu, na sha farar riga, 'yan unguwa sun cika ƙofar gida suna ce mini Malam tun ban zama ba. Nana ta ja ni kicin, ta ɗauko ɗanyen ƙwai ta sa mini a tafin hannu, ta ce in riƙe. Ta ce, "Haruna, za su ɗora ka a gaba wata rana, na ga alama. Mutanenmu sun ce mulki ƙwai ne. Ka matse shi ya fashe, ka sake shi ya faɗi." Ka san abin da na yi? Ajiye ƙwan na yi a kan turmi, na goge hannuna a riga, na ce, "Nana, ki bar waɗannan maganganun na jahiliyya, birnin Manzon Allah zan tafi." Ta dube ni, ta ce, "To, Malam." Wannan ne karo na farko da ta kira ni Malam, kuma a lokacin daɗi na ji, ban gane mari ba ne. Ina shekara ta uku a jami'a ta rasu, ban sake ganinta ba.

Kuskurena na farko ke nan. Ɗana, kada karatu ya sa ka raina maganar wanda bai yi ba. A cikin mutanen da za ka shugabanta akwai wanda ya shekara ashirin yana ɗaure bututu, ba ya iya rubuta rahoto, amma hancinsa yana jin abin da takardarka ba ta faɗa ba. In ya ce maka tsaya, ka tsaya ka ji dalili.

Da na gama karatu na sami koyarwa, na zauna. Mu 'yan Zangon Kumasi a Madina ba mu da yawa, amma muna da zamanmu. Duk Alhamis bayan la'asar mukan haɗu, a sha shayi, a ji wane ne ba lafiya, wa ya haihu, wane alhaji ya zo daga gida yana neman masauki, su wa suka yi faɗa a sasanta. Da tsohon shugabanmu ya rasu, dattawa suka ce ni. Wanda ya fi kowa tsaya mini shi ne Baba Kwame, tela a unguwar Anbariyya. Ka tuna shi ai, shi ya ɗinka maka rigar sallarka ta farko, mai ba ku alawa daga aljihun gaba. Sunansa Yakubu, amma ranar Asabar aka haife shi, don haka sunan gida ya bi shi har Hijaz. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka garin nan ban san kowa ba, ya ba ni tabarma a bayan shagonsa wata biyu, ya ciyar da ni.

Shi ya aika Kumasi aka kawo takalmin sarauta, irin na fata mai faɗi da ado a sama. Ya durƙusa a gabana, mutumin da ya girme ni da shekara goma sha biyu, ya sa mini a ƙafa. Ya ce a al'adar Asante ƙafar shugaba ba ta taɓa ƙasa tsirara, ranar da aka cire masa takalmi ƙafarsa ta taɓa ƙasa, to sarautarsa ta ƙare. Mu dai mun ɗauki abin rabi wasa rabi gaske. A jaka nake ajiye takalmin, sai an zauna in sa shi a kan kafet. Amma wallahi in na sa shi, wani abu yakan hau mini kai.

Sannan ya ce shi zai zama mai maganata. A wajen Asante shugaba ba ya yi wa jama'a magana kai tsaye. Yakan faɗa wa wani a hankali, wannan ya miƙe ya isar. A gida mai maganar yana riƙe sanda ta musamman, Baba Kwame kuwa tsohuwar laimarsa yake dogarawa. Haka muka yi shekaru. In mutum yana zuba zance in sunkuya in ce, "Gaya wa wannan ƙarya yake yi." Sai Baba Kwame ya miƙe ya gyara murya ya ce, "Malam ya ce maganarka ta shiga, sai dai kamar akwai wani gefe da ka manta, ka ɗan sake tunawa." Mutumin ya yi murmushi ya gyara zancensa da kansa, a tashi lafiya. Ni kuwa ina ta shan yabo, wai Malam Haruna akwai iya zama da mutane. Ashe rigar wani na ara nake taƙama.

Kuskurena na biyu a wajen wata walimar aure na yi shi. Aka ce Baba Salifu ya rufe taro da Fatiha. Tsoho ne mai gadi, ya zo aikin hajji da ƙuruciya ya zauna, harshensa bai taɓa saba wa haruffan Larabci ba. Ya karanta yadda ya iya. Na sunkuya na ce wa Baba Kwame, "Gaya masa shekara arba'in a Madina bai iya Fatiha ba, abin kunya ne." Baba Kwame ya miƙe ya ce, "Malam ya ce Allah Ya karɓa, kuma yana gayyatar dattawa gidansa a riƙa bitar karatu tare." Sai na ɗaga murya na ce, "Ba haka na ce ba! Ina da baki, bari in faɗa da kaina." Na kuwa faɗa. A gaban 'ya'yansa, da surukansa, da baƙin da suka zo daga Makka. Baba Salifu ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Malam."

A hanyar gida Baba Kwame ya ce mini, "Haruna, mai saran hanya a daji ba ya sanin ta karkace a bayansa. Na baya ne ke gani." Na ce masa gaskiya ɗaci gare ta, kuma daga yau ba na bukatar mai tace mini magana.

Anas, gyara daban, tozartawa daban. Gyaran da na yi daidai ne a ilimi, ko gobe. Amma da na bi tsohon nan gida na zauna da shi mu biyu, da ya koya, da ya yi mini addu'a. In ma'aikacinka ya yi kuskure, ja shi gefe. Kuma in Allah Ya ba ka mutumin da zai iya ce maka "hanyarka ta karkace," ka riƙe shi da hannu biyu, ko da ranka na suya. Irinsu ba sa zuwa sau biyu.

Na uku shi ne babba. Dattawanmu suna da wata al'ada da suka taho da ita. In magana ta yi nauyi, an ji ta bakin kowa, ba a yanke hukunci nan take. Sai manya uku ko huɗu su miƙe su ce, "Bari mu je mu tambayi tsohuwa." Babu wata tsohuwa, kowa ya sani. Fita suke yi waje su yi shawara su kaɗai, zuciya ta huce, sannan su dawo su ce, "Tsohuwa ta ce kaza." Ka ga hikimar? Wanda hukunci bai yi wa daɗi ba, ba shi da wanda zai riƙe a zuciya. Ba shugaba ne ya kayar da shi ba, ba abokin faɗansa ba ne, tsohuwa ce. Ni duk ban ga wannan ba. Abin yana ba ni haushi, don ina zaune da takalmi a ƙafa ana barina ana fita.

Wata ƙaramar salla muka kama wurin shaƙatawa a bayan gari, iyalai duka. Samari suka yi faɗa a wajen ƙwallo, wani mai suna Idrisu ya fasa wa ɗan wani baki. Aka kawo magana gabana. Dattawa suka miƙe za su je tambayar tsohuwa. Na buga hannu a kafet na ce, "Wace tsohuwa? A birnin Manzo za ku riƙa kawo mana al'adun gumaka? Ku zauna! Ba shawara nake nema ba, umarni nake bayarwa." Ka ji ta ko? Nan ka samo ta, kana ɗan shekara goma sha biyar, kana tsaye a bakin ƙofa. Na yanke cewa Idrisu da gidansu kada su sake zuwa zamanmu.

Idrisu ɗan ƙanwar Baba Kwame ne. Kuma ni, ɗan Nana, na fi kowa sanin abin da wannan yake nufi. A wajen Asante ɗan 'yar'uwarka mace jininka ne na ainihi, shi ne magajin gidanku, kusancinsa har ya kan wuce na ɗan cikinka. Korar Idrisu korar Baba Kwame ce. Na sani, na yi. Ya tashi a hankali, ya dogara laimarsa, ya tsaya a gabana. Ya ce, "Kai ɗaya ba ya zama majalisa, Haruna." Ya fita. Ban bi shi ba, ban aika ba. Na ce in ya huce zai dawo.

Daga nan zama ya fara raguwa. Yau mutum ashirin, gobe sha biyu. Na ce aiki ne ya yi wa mutane yawa. Na ce cunkoson mota ne. Na ce wayoyin nan sun lalata zumunci. Har na yi wa'azi a kai! Shekara tara ina shimfiɗa kafet duk Alhamis, ina sa takalmi, mutum huɗu ko biyar suna zuwa, su ma yawanci sababbin ɗalibai ne da ba su san komai ba. Ummanka ta sha gwada yi mini zancen Baba Kwame, nakan ce kada ta sake ambata sunansa a gidana. Ta kuwa bi umarni, don ni ai umarni nake bayarwa.

Ɗana, in ka ga mutane sun daina yi maka musu, kada ka ce ka yi nasara. Ka tsorata. Mai yi maka musu bai fid da rai da kai ba tukuna.

Yanzu ga abin da ya faru mako uku da suka wuce. Na je Harami sallar la'asar kamar kullum. Aka idar, aka yi kiran sallar gawa, na miƙe na yi kabbara huɗu tare da dubban mutane, ban san ko su wane ne ba, kamar yadda muke yi kowace rana. Na fito ta ƙofar da ke wajen maƙabartar Baƙi'a, ana wucewa da makara da sauri. Sai na ga fuskar da na sani a ƙarƙashin ɗaya. Na ga ta biyu. Na ga ta uku. Anas, duk mutanenmu ne! Waɗanda na ce aiki ya riƙe su, waɗanda na ce sun koma Jidda, da 'ya'yansu da suka girma ban sani ba, sun fi mutum hamsin, kafaɗa da kafaɗa, Idrisu a gaba yana hawaye. Baba Salifu ana tura shi a keken guragu a baya.

Na kama hannun wani na ce, "Wa ya rasu?" Ya dube ni kamar ya ga fatalwa. Ya ce, "Malam, ba ka ji ba? Baba Kwame ne."

La'ilaha illallahu. Na yi wa mutumin da ya ba ni tabarma salla ban san shi nake yi wa ba. Na bi su da gudu, ina kutsawa, ina so in sa kafaɗata ko sau ɗaya. Ba wanda ya ture ni, ba wanda ya harare ni. Wuri ne kawai babu. Duk inda na nufa da kafaɗar wani a wurin. Kafin in farga an sa shi a kabari, an rufe. Ka san Baƙi'a, ba suna ba alama. Na koma washegari na yi ta zagaye, ban gane kabarin ba.

A wajen ta'aziyya na ja wani dattijo gefe na ce, "Wa ya ce kada a gaya mini?" So nake ya ambaci suna, in sami wanda zan yi fushi da shi. Ya ce, "Wallahi Malam ba wanda ya ce. Wata huɗu yana kwance, muna karɓa-karɓa wajen jinya. Mantawa muka yi da kai." Mantawa! Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Ashe duk Alhamis, shekara taran nan, suna haɗuwa a gidan Idrisu, nan unguwarmu ta Ƙurban, layi huɗu daga gidanmu. An yi aure, an yi suna, an sasanta faɗa, an tarbi alhazai, ni ina zaune da takalmi ina shugabancin kafet.

Da na dawo gida na tambayi Ummanka ko ta sani. Ta ce, "Na sani. Ni nake dafa masa kunu. Ranar da ya rasu da safe na buɗe baki zan gaya maka, na tuna ka hana." Na shiga ɗaki na zauna, tambaya ɗaya tana yi mini yawo a kai: in ni ne a makarar nan gobe, wa zai ɗauka? Kai da ƙannenka biyu, makara kuwa kusurwa huɗu gare ta.

Nana takan ce, in ka manta abu a baya, komawa ka ɗauko ba abin kunya ba ne. Shekara arba'in ban tuna da wannan maganar ba, sai ran nan. Alhamis da ta zagayo na sa takalmin a jaka, na taka zuwa gidan Idrisu bayan la'asar. Suna zaune a rumfar tsakar gida, sun cika ta. Na yi sallama, aka amsa. Ban shiga rumfar ba. Na tsaya a fili, a kan simintin da rana ta wuni tana duka, na sa takalmin sarautar a gabansu, sannan na sunkuya na cire shi da hannuna, na taka ƙasa. Ka san zafin garin nan a wannan watan. Kamar na taka murfin tukunya.

Ba ni da mai magana, don na kore shi, kuma ya tafi inda ba a dawowa. Dole na faɗa da bakina. Na ce, "Na zalunci Baba Salifu. Na zalunci Idrisu da gidansu. Na zalunci wanda ba zan iya neman yafewarsa ba sai a gaban Allah. Ga takalminku. Ba shugabanci na zo nema ba. Na zo in tambaya ko akwai wurin zama."

Ba wanda ya motsa. Sai Baba Salifu ya ɗaga hannu daga kekensa, ya ce, "Bari mu je mu tambayi tsohuwa." Idrisu ya tura shi, dattawa uku suka bi su cikin gida. Wani ya ce mini, "Malam, shigo inuwa mana, ƙafarka." Na ce a'a. Ban san ko minti nawa suka yi ba. Na dai san tun ina jin zafi har na daina ji, kuma a karo na farko a rayuwata na tsaya ina jiran hukuncin da ba ni zan yanke ba.

Suka fito. Idrisu ne ya yi magana, yaron da na kora, yanzu magidanci da gemu, yana dogare da laimar kawunsa. Ya ce, "Malam, mun je mun sami tsohuwa. Ta ce takalmi ya dawo gida, kuma ba zai sake komawa ƙafarka ba. Ta ce ka shigo inuwa ka zauna inda ka sami wuri." Sannan ya ƙara da cewa, "Ta ce kuma ka kwantar da hankalinka. Ranar da taka ta zo, za mu ɗauke ka."

Ban tambaye su wannan ba, Anas. Ban gaya wa kowa tsorona ba, ko Ummanka. Sun dai gani a fuskata, su da na shekara tara ban dubi tasu ba. Na yi kuka a gaban yara, ban ji kunya ba. Mutum biyu suka kama ni suka shigar da ni, na zauna a ƙarshen tabarma kusa da takalman mutane. Da za a tashi aka ce Baba Salifu ya yi Fatiha. Ya karanta ta yadda ya saba, harafin nan bai gyaru ba har yau. Duk rumfar ba wanda ya kai ni ƙarfin amin.

To, ka ji abin da ya sa nake ɗingishi. Ƙafa tana warkewa, Ummanka tana shafa mata magani tana yi mini tsiya, wai Malam ya je neman ilimi wajen siminti. Ɗaya ciwon kuwa da shi zan tafi, don Baba Kwame bai ji ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa a tsakar gidan nan ba.

Abu ɗaya nake roƙonka, kuma roƙo ne, ka lura, ba umarni ba. Mutumin nan da ka katse a waya, ka neme shi kafin ka fara aiki. Ka zaunar da shi, ka zuba masa shayi da hannunka, ka ce ya ƙarasa maganar da ya fara. Kada ka ce sai an saba, kada ka ce sai wani mako. Ni ma cewa na yi in ya huce zai dawo.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sanyaya harshenka, Ya ba ka mutanen da za su gaya maka gaskiya tun kana iya gyarawa. Allah Ya kai ka aiki lafiya Ya dawo da kai masauki lafiya, safe da yamma. Allah Ya jiƙan Nana, Ya jiƙan Baba Kwame, Ya haskaka kabarinsa duk inda yake a cikin Baƙi'a. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka. In ka sami hutu ka zo ranar Alhamis, akwai wuri kusa da ni a ƙarshen tabarma.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Haruna
Ƙurban, Madina